Adda Halima da Makullin Ɗakin Dada

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsaye a bakin get ɗin makaranta da safiyar nan, ina fama da 'yan latti, wayata ta yi ƙara. Nafisa ce, 'yar Adda Halima. Ta ce, "Anti Zainab, Adda ta tafi. Bayan sallar asuba."

Na ce, ta tafi ina?

Wallahi haka na ce. Don Adda mace ce da za ta iya rataya jaka ta nufi Yola ba ta gaya wa kowa ba. Sai da na ji muryar Nafisa ta karye sannan na gane.

Yanzu na dawo daga Sunkani, an kai ta makwancinta. Na zauna da niyyar rubuta abin kuka, amma duk abin da na tuno sai in ji dariya ta kama ni. Ku yi mini haƙuri. Haka matar take.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Adda Halima malama ce a firamaren da nake koyarwa a Kachalla Sembe. A can na same ta lokacin da aka ɗauke ni aiki. Ta ba ni shekara ashirin ko fiye, amma ba ta yarda a ce mata Mama ko Hajiya ba. Adda kawai, wato yaya.

Kuma tun da nake da ita ba ta taɓa ce mini "ke" ba. "Kai" take ce wa kowa, mace da namiji. Idan aka gyara mata sai ta ce a Fulatanci ba a wahalar da kai da wannan rabe-raben.

Ranar da na fara aiki babu teburin da zan zauna. Ina ta raɓe-raɓe a ofishin malamai da jakata a hannu. Adda ta dube ni, ta dubi wani lungu da aka jibge tsofaffin takardun jarrabawa har kusan rufi. Ta ce, "Tebur yana nan, takardu ne suka riga ka zama."

Kafin a tashi ranar ta kwashe su tas. Ɗaliban da suka rubuta su wasu har sun yi aure. Mai ƙosan bakin makaranta ta yi wata biyu ba ta nemi takardar naɗe ƙosai ba.

Kowace Litinin tana zuwa mana da dakkere, wato dambun Fulani, da kindirmo a ƙwarya. Lokacin da nake da cikin fari ina yawan jiri, ita ta riƙa haɗa ajina da nata, ba ta taɓa faɗa wa hedimasta ba.

Amma kada ka kuskura ka yi mata kyauta kana sa ran ka ga abin a wurinta. Na taɓa saya mata fulas mai kyau. Bayan kwana uku na gan shi a hannun baba mai gadi. Da na yi mata ƙorafi ta ce, "Ina da ɗaya ai. Baki nawa gare ni?"

Abin da ya sa na ce sai na yi wannan rubutu shi ne maganar ɗakin Dada.

Dada mahaifiyarmu ce, ni da ƙanena Sadiq. Mu biyu kaɗai ta haifa. Da ta rasu na rufe ɗakinta a gidanmu na unguwar Turaki, na jefa makullin a jakata. Shekara biyar. Ko iska ban bari ta shiga ba. Ni ina gidan mijina, Sadiq yana ƙaramin ɗakin zaure, babban ɗaki yana kulle da kaya.

Sai Sadiq ya tashi aure. Ya zo ya same ni cikin ladabi, ya ce yana so a buɗe ɗakin a gyara wa amarya. Na ce ko cokali ba mai taɓawa. Ya ce, "Adda Zainab, ɗaki ai na masu rai ne."

Maganar ta yi mini zafi. Na ce masa abubuwan da ba zan rubuta a nan ba.

Wata bakwai ba ma gaisawa. Aka ɗaga bikin sau ɗaya, aka sake ɗagawa. Iyayen yarinyar suka fara cewa in bai shirya ba ya faɗa musu gaskiya. Duk ina ji, na yi kamar ban ji ba. A raina gani nake ranar da aka fitar da kayan nan, ranar Dada za ta mutu da gaske.

Lokacin Adda ta riga ta yi ritaya. Ban san wanda ya kai mata labari ba. Wata Asabar da hantsi sai ga keke napep ya tsaya a ƙofar gidana. Ta leƙo da kai, tsintsiya a cinyarta, ko sauka ba ta yi ba.

"Ɗauko makulli, ka shigo."

Na ce, "Adda, wane makulli?"

Ta ce, "Wanda ya yi maka nauyi a jaka."

Da muka isa na sa hannu zan buɗe, sai ta riƙe ni. Ta ce, "Tsaya. Kayan nan gado ne, ba naka kai kaɗai ba. Kira Sadiq."

Na ce ba zai ɗauka ba. Ta karɓi wayar ta kira da kanta. Minti goma sai ga shi daga shago, ya gaishe ta har ƙasa, ni kuwa ya kalli bango. Ni ma na kalli nawa bangon.

Muka buɗe.

Jama'a, warin da ya tarbe mu! Ga yanar gizo-gizo, ga kashin ɓera. Kabad biyu cike da kwanonin samira da tasoshi, an jera su tun ina 'yar firamare, ba a taɓa zuba ko ruwa a ciki ba. Kuloli sha ɗaya, murfinsu bakwai, kuma ba ko ɗaya da ya dace da wata. Katifa uku a jingine. Keken ɗinki. Kalandun shekarun da suka wuce. A ƙarƙashin gado kuma robobin biki, irin masu hoton ango da amarya, sun fi ƙarfin ƙirga.

Adda ta ɗago wani bokiti, ta ƙura wa hoton ido. Ta ce, "Wannan auren ma ya mutu tuntuni, ku kuna gadin bokitinsa."

Sadiq ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta kuɓuce masa ta hanci.

Akwai wani ƙaton akwatin ƙarfe da Dada take ajiye atamfofinta. Adda ta ce bayanta yana ciwo, mu biyu mu fito da shi tsakar gida. Ba yadda mutum ɗaya zai ɗaga shi. Na kama hannu ɗaya, Sadiq ya kama ɗaya. A bakin ƙofa ya ce, "Sannu, akwai dakali." Maganar farko ke nan da ya yi mini a wata bakwai.

Da muka buɗe akwatin, turmi huɗu na sama ne kawai suka tsira. Ƙasan ya yi tsatsa ya huje, gara ta shiga ta cinye sauran. Atamfofin da Dada ta yi ta tarawa, tana cewa sai wani babban biki, sun koma ƙasa. Na sa hannu na ɗebo, suna zubewa ta tsakanin yatsuna.

Adda ba ta yi mini wa'azi ba. Cewa kawai ta yi, "To, gara ta gode."

Daga nan ta kafa mana doka. Duk abin da aka ɗago, ba za ta tambaye ka ko kana so ba, don ta san za ka ce kana so. Tambayarta ita ce, "Wa ka sani da ba shi da wannan?" Kuma sai ka faɗi suna. Ba ta karɓar "mabuƙata" ko "talakawa". Suna take so, da unguwa.

Abin mamaki, sunayen suna nan a bakinmu. Sadiq ya faɗi wannan, ni in faɗi wancan, har muka fara gardama a kan wanda ya fi cancanta da katifa.

Wajen azahar na ɗago mayafin da Dada take zuwa asibiti da shi a ƙarshen rayuwarta. Har lokacin da sauran ƙamshin turarenta. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Adda ta tashi ta fita, ta je gindin mangwaro ta zauna. Ta bar mu mu biyu. Sadiq ya zo ya durƙusa kusa da ni, shi ma yana hawaye. Ya ce, "Adda Zainab, ni ma fa uwata ce." Na ce na sani, ka yafe mini.

Da muka fito ta buɗe ƙwaryar dakkere, ta ce mu ci. Sai ta ce da ni, "Wannan mayafin kam riƙe abinka. Ban ce a zubar da komai ba. Amma Dadarku ba ta cikin kwano."

Asabar uku muka yi muna rabo.

Keken ɗinkin muka kai wa Maman Joy, maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Ta iya ɗinki, keke ne ba ta da shi. Ta rungume ni tana ta "Yesu ya sa albarka", ni ina "amin, amin", Adda tana gefe tana dariyarmu. Yau ita ke ɗinka yunifom na rabin yaran layin. Duk lokacin da na je gida nakan ji ƙarar keken Dada ta katanga.

Manyan tukwane suka tafi wurin matan da ke girkin biki a unguwa. Katifu da kwanoni muka kai wa wasu gidaje a bakin kogin Mayo Gwoi da ruwa ya yi musu ɓarna a daminar. Robobin biki kuwa, duk wanda ya wuce ta ƙofar gida sai an liƙa masa ɗaya, ko yana so ko ba ya so.

Aka yi fenti, aka yi biki. Yanzu 'yar Sadiq, takwarar Dada, ita ke rarrafe a ɗakin.

Ciwon rabon kayan kuma ya kama ni. Na koma gidana na buɗe sito. Har yau in Baban Amir, mijina, ya ji na ce "wa ka sani da ba shi da wannan", sai ya tashi ya je ya ɓoye tsofaffin cajojinsa da ba sa aiki.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, sati uku ke nan. Na je duba ta a Sunkani, wurin Nafisa, inda ta koma lokacin da ƙafa ta fara ba ta wahala. Nafisa ta ce ranar da suka je ɗauko ta sun tafi da motar kaya, suka tarar da ita zaune a ƙofar gida da gana-mas-go ɗaya da buta. Ta riga ta rabar da sauran. Motar ta koma wayam.

A tabarma muka zauna, don kujerar roba da aka saya mata ta ba wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa. Jikokinta suna ta tsokanarta, wai kowa ya riƙe takalminsa da kyau, in ba haka ba sai dai ya gan shi a ƙafar wani. Tana ta dariya, tana cewa sharri suke mata.

Sai idona ya kai kan wani tsohon rediyo kusa da matashinta. Eriyar a karye, an ɗaure bayansa da roba. Na kunna, shiru.

Na ce, "Adda, yau na kama ki. Wa kika sani da ba shi da wannan?"

Ta fizge abinta ta rungume. Ta ce, "Na Malam ne." Mijinta ke nan, ya daɗe da rasuwa. "Shekara goma sha biyu ina cewa gobe zan bayar. Kai, bar ni. Malama ma ba ta gama karatu ba."

Muka yi dariya har Nafisa ta leƙo ta ga ko lafiya.

Da zan tafi ta raka ni bakin ƙofa da sandarta. Ta ce, "Useko, na gode da zuwa. Ka gaishe da Sadiq. Kuma kada ka kawo mini komai in za ka dawo."

Ban samu na koma ba sai yau.

Na shiga ɗakinta ɗazu. Sallaya, Alƙur'ani, kaya kala biyar a ninke, buta. Rediyon yana nan kusa da matashi. Ba ta bayar ba. Ban san dalili ba, amma ganinsa ya sanyaya mini rai fiye da duk gaisuwar da aka yi mini.

Gidan kuwa ya cika har waje. Mutanen da ni ban sani ba, Nafisa ma ba ta san su ba, Musulmi da Kirista, kowa da labarin abin da Adda ta taɓa ba shi.

Ya Allah, ga baiwarka Halima ta zo maka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta, ka sauƙaƙa mata hisabi. Ka ba Nafisa da 'yan uwanta haƙuri. Ka haɗa ta da Malam ɗinta da Dadarmu a Aljanna.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya tsaya ya yi mata addu'a. Sunanta Halima. Ku ambace ta da suna.