Baƙar ƙanƙarar Ɗan Jimma

Ku da kuka san Ɗan Jimma kun san ba ya wuce dutse bai lasa ba. Ana tafe ana hira, sai ka waiga ka ga ba shi. Yana can baya a tsugune, ya tsinci tsakuwa, ya goge ta a hannun riga, ya kai baki. Ni taubashinsa ne, don haka ni kaɗai ke iya ce masa akuya mai lasar kanwa in kwana lafiya.

Ƙanƙara yake nema, dutsen nan da ake ƙyasta wuta da shi. Ubansa maharbi ne. Ya bar masa ƙyastu da baƙar ƙanƙara guda, ya ce cikin wani farin dutse ya ɓamɓaro ta a ƙasar Adar, ya rasu bai faɗi sunan wurin ba. Mu kuwa a Sae Sabuwa rairayi gare mu, ko na jifan kare sai ka nema. Duk ƙyastawa ɗaya dutsen uban na ƙara cinyewa, hankalin Ɗan Jimma na ƙara tashi. Da an ɗaure damin ƙarshe ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi ke nan.

Kada ka kuskura ka tambaye shi bambancinsu in kana sauri.

"Iri ukku na," zai ce. "Akwai mai ruwan zuma, ka ɗaga ta ga rana ka ga haske ta bakinta. Akwai mai ruwan toka, ragguwa ta, sai ka buga sau biyar. Sannan baƙa, mai farin ɓawo. In ka lasa ka ji santsi awa kwalba, ita ta. In halshe ya kama, marmara ta, yar da banza!"

Ashana kuwa ya hana ta shiga gidansa, wai wutar aro ce. Matarsa Hajo ta ɓoye tata cikin gwangwanin gishiri. Wata safiya ya fito ya tarar wuta na ci a murhu, ya shinshina.

"Hajo, wa ya hura wutar ga?"

"Ƙanƙararka."

"Ƙanƙarata na aljihuna!"

"To ka gani? Daga aljihu ma aiki takai. Zamna ka sha koko."

Ya sha, amma a tsaye, yana harara.

Ranar da ya fi ba ni haushi ita ce ranar da muka je Gidan Rumji neman wa ɗana aure. Shi ne mai bakinmu, tun a hanya nake roƙonsa ya natsu. An shimfiɗa tabarma, dattawa sun zauna, an ajiye goro. Ya buɗe baki ke nan idonsa ya faɗa kan farin dutsen da suka tokare ƙofar zaure da shi. Wallahi ina kallo ya rarrafa, da babbar rigarsa, ya lashe shi a gaban surukai!

"Alhaji, ina kunka samo wanga?"

Uban yarinyar ya dube ni, ya dube shi. Ya ce wani mai mota ne da ke ɗauko albasa ya bar shi nan. Na ja rigarsa, na ce, "Ɗan Jimma, zancen yarinya!"

"Yarinya na ɗaka, ba inda za ta. Mai mota shi ka tahiya!"

Ya fice ba takalmi. Auren dai an yi, don Alhaji ya ce dangin da ke da irin wannan ba su iya ɓoye mugun hali ba. Ni kuwa wata biyu ban gaishe shi ba.

Amma daga bakin mai motar nan ya samo sunan wani tudu can gaba da Madawa. Lokacin gwiwa ta riga ta ci shi, dutsen uban kuma ya koma kamar farce, da ƙyar yake riƙo. Ya zo ya tsaya mini a ƙofa har na ɗauko moto, wato babur ɗina.

Da muka isa ya kasa hawa. Ya tsaya a gindin tudun ya dogara sanda, ni da furfurata nake hawa da sauka.

"Wanga fa?"

"Ka lasa?"

"Ban lasa ba!"

"To mi kaka nuna min? Koma!"

Sau bakwai, jama'a. Na lashi ƙasar Adar har harshena ya yi fari. A na takwas na fasa wani dunƙule mai farin ɓawo, cikinsa baƙi wuluk, santsi. Na ciko hula na sauko. Ya ɗauki ɗaya, ya ƙyasta sau guda a kan 'yar auduga, ta kama. Ya daɗe yana kallon hayaƙin. Sai ya ce, "Baba, ashe nan ka zo." Ni ma sai da na juya baya na share ido.

Ya sa guda a aljihu, ya miƙo mini hular.

"Maida sauran inda ka ɗauko."

"In sake hawa? Saboda mi?"

"Wani na zuwa nema. Kada shi iske wurin wayam."

Na buɗe baki in ce masa ba mai zuwa, kowa da ashanarsa yanzu. Na dubi fuskarsa, na rufe bakin, na hau.

Damina ɗaya ya ƙara a duniya. Allah Ya jiƙan Ɗan Jimma, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da mahaifinsa a inda ba sauran nema. Amin.