Inna Ta Gaida Tsohon Maƙwabci a Gidan Zu

Jiya a gidan zu na Kano, mahaifiyata ta tsaya gaban kejin gauraka ta ƙi motsawa. Ni kuwa zumuɗin kai ta wajen zaki nake yi.

Na ce, "Inna, mu ƙarasa mana, tsuntsu ne fa kawai."

Ta harare ni ta ce, "Zaki ban san shi ba, amma wannan maƙwabcinmu ne. Ina amarya, a fadamar bayan garinmu suke rawa bibbiyu da sassafe. Kuka nome fadamar kaf, yau ga shi sai ta bayan waya nake gaishe shi."

Nan take na tuna da wani abu. A ƙarshen gonata ta shinkafa a Bunkure akwai ɗan kududdufi mai ciyawa da ya rage, har na yi magana da mai tarakta ya zo ya baje shi ranar Asabar.

Tun kafin mu fito daga gidan zu na kira mai taraktar na ce ya bari. Abokaina suna ta cewa na yi asarar fili. Su faɗa, ni dai na gama magana, kududdufin nan na tsuntsaye ne.

Ku fa, wace dabba kuka daina gani a garinku?