Ɗan Kokawar da Aka Ɗauko Daga Nesa

Ina 'yar shekara tara aka kawo kakata, mahaifiyar Baba, daga Maradi zuwa gidanmu a unguwar Morris Heights, can ƙasar waje. Inna muke ce mata. An kawo ta ne don ta kula da ni da ƙanena Bashir, tunda Mama na aikin jinyar tsofaffi, Baba kuma na tuƙa tasi. Sai dai tun watan farko sanyi ya kama mata gwiwoyi. A hawa na biyar muke, lif ɗin kuma kullum a lalace. Ba ta iya kai mu makaranta, ba ta jin Turanci. Haka take wuni ita kaɗai a bakin taga har mu dawo.

Duk Lahadi bayan magariba Kawu Sani, yayan Mama, yake zuwa. Kulob ɗaya suke so shi da Baba a wasan besbol, wanda ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, kuma da hunturu, lokacin da ba a buga wasa, ba su da hira sai ta 'yan wasan da kulob ɗin ya saya da tsada ya yi asara.

"Wallahi babu kamar mai jifan nan," in ji Baba. "Kwantiragin shekara huɗu aka ba shi, rabi a gadon asibiti ya yi su."

"Haba, gara shi, ciwo ne," in ji Kawu. "Dogon nan fa da aka ɗauko daga ƙetare? Lafiyarsa lau, amma ko kabewa ka jefa masa sai ya kuskure!"

Su yi ta dariya. Mu kuwa kicin muke gudu, inda Inna ke kunna murhun gas ta zauna kan kujerar roba tana gasa tafin hannunta. Ta ce hita ɗumi kawai take bayarwa, ita tana so ta ga wuta da idonta.

Wata Lahadi Inna ta wuce ta falo, ta ga hoton dogon nan a talabijin, yana zaune shi kaɗai a ƙarshen benci. Da ta dawo kicin ta tambaye ni, "Ke Hadiza, wane ne wannan da iyayenki suke ta yi da shi?"

Na yi mata bayani da guntuwar Hausata.

"Yana da kowa a garin nan?"

Na ce ban sani ba. Sai ta ce, "Ku matso. Ga wata tatsuniya nan ta ƙwanƙwasa ƙofa."

"Ta shigo," muka ce, kamar yadda ta koya mana.

Wai akwai wani gari da kullum ake kayar da samarinsa a kokawa. Sai mutanen garin suka haɗa shanu, suka aika can nesa aka ɗauko musu wani ƙato wanda bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Aka tarye shi da kiɗa, aka ba shi ɗaki a bakin gari, kowa ya koma gidansa. Ba ya jin yarensu. Tuwonsu bai karɓi cikinsa ba. Da yamma yana jiyo hirarsu ta bayan danga, babu mai cewa ya fito. Ranar kokawa, wani siririn saurayi ya ɗaga shi ya buga da ƙasa. Aka sake, aka sake kayar da shi. Gari ya ɗauka: an yi asarar shanu. Wata safiya aka leƙa ɗakin, ba ya nan. Bayan shekara labari ya zo cewa ya koma garinsu, kuma har yau babu mai kayar da shi.

"Sai me?" na ce.

"Shi ke nan."

Na ce mata wannan tatsuniya ba daɗi, babu kura, babu aljani. Na tashi na koma falo, Bashir ya bi ni. Muka bar ta da wutarta.

Ba a jima ba na ji Mama a waya tana gaya wa ƙawarta cewa zuwan Inna bai rage mata komai ba, sai ma ƙarin aiki. Ba da mugunta ta faɗa ba, gajiya ce. Amma gidan ƙarami ne, kuma da Hausa ta yi maganar. Da bazara ta zo Inna ta ce wa Baba, "Ɗan nan, ka mayar da ni gida." Bai yi musu sosai ba.

Sai da na girma na gane cewa ba labarin ɗan wasan ta ba mu ba. Ta rasa babban da za ta gaya wa, sai ta gaya wa 'yar shekara tara, yarinyar ma ta tashi ta tafi.

Inna ta ƙara shekara bakwai a Maradi. Gwiwoyin suka sake ta, har kasuwa take zuwa da ƙafarta. Bayan rasuwarta wata gwaggona ta turo mana hotonta a wajen wani suna, tana tsakiyar tsofaffi 'yan uwanta, ta jefa kai baya tana dariya. Na daɗe ina kallonsa. Wata takwas muka yi ɗaki ɗaya da ita, ban taɓa sanin tana da wushirya ba.