Ƙwan Zabin Kaikai

Mun tashi da asuba daga Kankia, ni da ƙanina, a kan mashin ɗin yayanmu. Ruwa ya kwana yana sauka, garin ya yi luf, ƙasa sai ƙamshi. Aiken mahaifiyarmu ne. Yayarta da ke Kaikai ta rasu bayan salla, kuma an ce za a sayar da zabinta. Kazar Inna ta fara kwanci, shi ne ta ce mu ɗebo mata ƙwan zabin nan ta sa mata, ko irin ya tsira a gidanmu. Wannan kaɗai ta roƙa daga kayan 'yar'uwarta.

Wajen Kafinsoli gero ya kai ƙugu, raɓa na sheƙi a ganyensa, shanu na ratsa hazo kamar ba sa taka ƙasa. Na so in yi ta kallo, amma mashin bai bari ba. Ko ɗan tsakuwa muka taka sai na ji shi har ƙeya. Yayanmu buhunan masara yake ɗauka da shi, ya ɗaure shokar baya tamau, mu kuwa ni da ƙanina in aka haɗa mu da ƙyar mu yi buhu guda. Na fara tunanin dawowa, don kowa ya san ƙwan da ya sha jijjiga ba ya ƙyanƙyashewa.

A Kusada muka tsaya wurin wani dattijon bakanike. Ya nuna mini zoben da ke ƙasan sifirin ɗin shokar, wanda ake murɗawa a sassauta shi. Tsatsa ta cinye shi. Ya wanke da kananzir, ya ɗiga man birki, ya ce mu ba shi lokaci. Muka zauna gindin dalbejiya muna shan furar wata Bafulatana, mai sanyi da kauri, ludayin dai ya ƙanƙance kamar na kowa a bana. Har gyangyaɗi na yi, ina jin ƙwanƙwasar gudumarsa can nesa. Da na farka, haƙorin zoben ɗaya ya karye, zoben kuwa ko gezau.

"Malam, in na matsa mashi fashewa zai yi," in ji shi. "Abin ga an ɗaure shi don kaya ne. To ku ba shi kayan mana, zai yi laushi."

Muka isa Kaikai da hantsi. Gidan ya yi tsit, sai zabin da ke kai da kawowa a tsakar gida, ba su san an yi musu kuɗi ba. Mijin marigayiya ya jera mana ƙwai goma sha biyar cikin ƙwarya, ya cika da dusa. Na ce, "Baba, ko akwai wani abu mai nauyi da za mu ɗaura a baya?" Ya duba nan, ya duba can, hatsi ya ƙare a rumbu. Sai ya nuna wani tsohon dutsen niƙa a bayan ɗaki, ya ce tun da injin niƙa ya zo ba mai taɓa shi. Mu uku muka ɗaga shi, muka ɗaure a kariyar bayan mashin.

Dawowar nan ba zan manta da ita ba. Mashin ya kwanta, yana lilo a hankali kamar an goya mu. Ƙanina ya rungume ƙwarya, ko tari ba ya yi. Hadari na tafe a gefenmu bai zubo ba, balbelu suka yi ta wuce mu, ni kuwa ban ƙara wuta ba har gida.

Inna ta karɓi ƙwaryar ta ajiye, idonta na kan dutsen. Ta durƙusa ta sa tafin hannunta a cikin kwarminsa. Ashe na mahaifiyarsu ne, a kansa ita da yayarta suka koyi niƙa, ɗaya na niƙa ɗaya na tara gari. Ta daɗe a haka.

Na bar Kusada ina jin haushin zoben da ya ƙi juyawa, na dawo ina gode masa, don da ya juya da mun baro dutsen a bayan ɗaki. Shekaranjiya ƙwai goma sha ɗaya suka ƙyanƙyashe. Da safe na ji Inna tana watsa wa 'yan zabin tsaki, tana kiransu da irin kiran da yayarta ke yi.