Waken Mutari a Ƙwaryar Mushe Sallau

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Dakoro cikin shekarun farko na mulkin kai ya san Mushe Sallau, sai dai da yawa ba su san sunansa na yanka ba, don Mushe Ɗanwake kowa ke ce masa. Mushe kuwa, haka ake kiran malamin lakwal a can. Ɗan wani manomin gyaɗa ne daga kwarin Maraɗi, siriri, mai saurin tafiya kamar an aike shi. Aka turo shi Dakoro a 1963 da akwatin ƙarfe ɗaya da keke mai fitila, aka danƙa masa ajin ƙarshe, ajin masu neman sartifika, yara talatin da takwas.

Mutum ne da ba ya iya ganin abu bai ƙirga ba. Raƙuman da suka sauko daga Tagriss ran kasuwa, ya san yawansu kafin mai su ya gama ɗaure su. Abin da ya dame shi kuwa shi ne yaransa sun iya haddace lissafi, amma ba su taɓa ganin lissafi ya tsaya a gabansu ya yi magana ba. Ya ƙudura sai ya koya musu abu biyu: yadda ake zana adadi da sanduna a allo har ido ya gane kafin baki ya karanta, da yadda ake auna yiwuwar abu tun bai faru ba.

Ya je shagon Alhaji Mijinyawa, babban ɗan kasuwar hatsi, wanda ɗansa Cindo ke ajin, ya sayo farin wake da jan wake. Ya ce wa yara kowa ya zuba ƙwaya ɗaya cikin ƙwarya a madadin kowane ɗa na gidansu, fari namiji, ja mace.

Wani yaro daga Sabon Maci ya ce, "Mushe, innata ta ce ba a ƙirga ɗiya."

"Ba ɗiya muke ƙirgawa ba, wake ne," in ji Mushe Sallau, yana dariya. A ransa ya gama da maganar ke nan.

Aka zuba, aka ware, aka ƙirga: fari ɗari da tara, ja ɗari da biyar. Ya ɗauki alli ya zana sanduna biyu a allo, kusan kai ɗaya. Yara suka yi ta kallo baki buɗe, don da yawansu sun rantse mata sun fi yawa a gari. Sannan ya juye waken duka cikin ƙwarya, ya rufe da ƙyalle, ya ce kowa ya zo ya sa hannu ya zaro ɗaya ba tare da dubawa ba, a rubuta launinsa, a mayar. Ya yi musu alkawari in an yi ta zara, fari da ja za su zo kusan daidai, ko da ba wanda ya san abin da hannunsa zai ɗauko.

A ajin akwai wata yarinya, Kyauta, ɗiyar Hawwa'u mai fura. Hawwa'u ta binne 'ya'ya huɗu kafin Kyauta ta tsaya, daga baya kuma aka sami namiji ɗaya tilo, Mutari, ɗan shekara uku. Da Kyauta za ta zuba waken ƙanenta, sai da ta tona ta zaɓi wani fari ƙato mai baƙin tabo a gefe. Da layi ya zo kan Cindo, ya sa hannu, sai ga shi ya zaro wannan ɗin.

"Mutarinmu ne!" Kyauta ta yi ihu.

Cindo, sarkin tsokana, ya jefa waken a baki ya kumbura kumatu. "Shi ke nan, na cinye shi!"

Aji ya fashe da dariya, har da Mushe. Cindo ya tofo waken, ya goge a riga, ya mayar. Aka yi ta zagayawa har sau ɗari, aka ƙare da fari hamsin da biyu, ja arba'in da takwas. Mushe Sallau ya koma gida ranar yana jin bai taɓa yin darasi mai daɗi irin wannan ba. Ƙwaryar ya ɗora ta bisa kabad a aji, a rufe, don mako mai zuwa.

Kafin makon ya zagayo, zazzaɓi ya kwantar da Mutari. Jiki kamar garwashi, ido a juye, ba ci ba sha.

Mushe bai ji labari ba. Abin da ya gani kawai shi ne wata safiya ya shiga aji ya tarar da yara tara. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, tara. Mai ƙosan da ke bakin lakwal ta kwashe kaskonta da ta hango shi. Yana tsaye da alli a hannu sai ga Hawwa'u ta shigo har cikin aji, abin da ba uwar da ta taɓa yi, ba takalmi, mutane cike da ƙofa a bayanta.

"Mushe, ka ba ni ɗana."

"Wane ɗa, Inna? Kyauta ba ta zo ba yau."

"Mutari nake faɗi. Ka sa shi cikin ƙwarya ka ruhe. Don Allah, don Annabi, ka sake mini shi. Shi ɗai gare ni."

Allin ya faɗi daga hannunsa. Sai a lokacin ya ji yadda darasinsa ya isa gidaje: baƙo ya zo, ya sa an ƙirga masa 'ya'yan gari kaf, ya ba kowane ɗa ƙwaya, ya tara a ƙwarya ya rufe da ƙyalle, yana zarowa ɗaya bayan ɗaya. A Dakoro wannan suna ɗaya gare shi. Maye ne, mai kama kurwar yara. Shi da ya yi karatu don ya raba mutane da irin wannan magana, ga shi da hannunsa ya haɗa musu ita tsaf, ba abin da ya bari.

Ya sauko da ƙwaryar. Hawwa'u ta tona, ta sami mai baƙin tabon, ta damƙe shi a tafi. Amma taron bai watse ba. Alhaji Mijinyawa ya matso gaba, babbar riga na jan ƙasa.

"Wake kaɗai ba ya isa," in ji shi. "Kowa ya san yadda ake yi. Ya taho ya tsallake yaron, kurwa ta koma. In ya ƙiya, na ɗauke Cindo daga lakwal ɗin ga yau, kuma ba ni kaɗai ba."

Suka tasa shi gaba zuwa gidan Hawwa'u. A hanya kansa bai daina aiki ba, don bai iya dainawa. In ya tsallaka yaro ya tashi, an tabbatar maye ne da ya saki. In ya tsallaka yaro ya mutu, maye ne da ya riga ya ci. In ya ƙi tsallakawa, ko wanne ya faru, shi ne dai. Ya juya lissafin ta kowane gefe, bai sami gida ɗaya da zai fita da sunansa ba. Aji zai watse ana saura kaɗan jarrabawa, shi kuma ko ina aka mai da shi, sunan zai riga shi isa.

An shimfiɗe Mutari bisa tabarma a inuwar zana. Mushe ya ce, da muryar da shi kansa bai gane ba, "Zan tsallaka. Amma a kai shi asibiti wurin lokotoro yau ɗin nan, a kan kekena."

"Tsallaka tukuna, malamin wake," wani ya ce daga baya.

Ya cire takalmi. Ya ɗaga ƙafa ke nan sai Kyauta, da ke tsugune gefen ƙanenta tana kuka, ta miƙe.

"Inna, ba Mushe ya sa shi a ƙwarya ba, ni na sa shi da hannuna. Kuma ba Mushe ya zaro shi ba. Cindo ne. Ya sa a baki, ya ce ya cinye shi. Kowa ya ji."

Idanu suka bar Mushe ɗaya bayan ɗaya suka koma kan Alhaji Mijinyawa. Hawwa'u ta dube shi, ta ce a hankali, "Alhaji, ashe a bakin ɗanka ya shiga?"

"Subhanallahi! Ke Hawwa'u, ki iya bakinki! Wasan yara ne!" Gumi ya keto masa. Maita a jini take, in aka liƙa wa Cindo, an liƙa wa gidan duka, har da hatsin da yake sayarwa, wanda daga cikinsa ma waken ya fito. Ya waiga hagu, ya waiga dama. "To, ai ba mutum guda ya sa hannu cikin ƙwaryar nan ba! Yara nawa ne, Mushe?"

"Talatin da takwas," in ji Mushe Sallau, ƙafarsa har yanzu a sama.

"To kowa ya hiddo ɗansa! Duk wanda ya taɓa ƙwaryar ya tsallaka, kada a ware kowa!"

Iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu da safe su ne suka ruga suka jawo su. Aka yi layi daga bakin zaure har tabarma. Kyauta ta fara, Cindo na biye yana sharɓar kuka, Mushe ya shiga tsakiya, wajen na ashirin. Alhaji ma ya tattare riga ya tsallaka a ƙarshe, wai don shi ya auna waken. Mutum arba'in cif. Suna gamawa, Mushe ya ɗora Hawwa'u da yaron bisa keke ya tura su har wurin lokotoro, aka yi wa yaron allura.

Mutari ya tashi. Gari ya yarda tsallakawar ce ta tashe shi, amma ta wa? Ba mai iya cewa, kuma ba mai son a bincika, tunda kowane gida da ɗansa a layin. Ranar Litinin aji ya cika. Cindo, da bai taɓa ɗaga hannu ba, ya ɗaga ya ce, "Mushe, ke nan yiwuwar kai ne mayen, ɗaya ce cikin arba'in?"

"Daidai da ta babanka," in ji Mushe. "Zauna."

Ya yi sauran aikinsa duka a Dakoro, nan ya yi aure, nan aka binne shi. Bai bar darasin ba, sai dai ya koma yin sa da tsakuwa, kuma tsakuwar awaki da tumaki take wakilta, bai sake sa ɗan mutum a ƙwarya ba. Hawwa'u kuwa har ta rasu ba ta ƙara sayar masa da fura ba, ko da yake tana gaishe shi.

Da Mutari ya kai ajin ƙarshe, a benci na gaba ya zauna, da 'yar laya a wuya. Mushe ya tambaye shi abin da ke ciki. Yaron ya ce bai sani ba, innarsa dai ta ce kada ya kuskura ya cire ta a cikin ajin nan, kuma in an girgiza tana ƙara kamar ƙwayar wake.