Baba Mai Tafi da Ɗakin da Ke Riƙe Murya

Kowace safiya Baba Mai Tafi yakan tuɓe takalmi da rigar sama ya rataye a waje, don tufafi ma suna shanye ƙara, sannan ya tura ƙofar ƙarfen ɗakin gwaji. Ɗakin ba taga, bangonsa siminti ne mai santsi, an karkata kusurwoyinsa da gangan. In ka yi tari a ciki, ka rufe baki ma tarin yana nan yana zagaya ka, kamar wani ne ya karɓa yake yi. Nan ake gwada silin da labule da soson bango, a ga yadda suke shanye ƙara. Baba ke shimfiɗa kayan a ƙasa, ya liƙe gefuna, ya kafa makirfo, ya fito. Injiniyoyi su saki ƙara, su auna yadda take jimawa kafin ta mutu.

Ni walda nake yi. Ni na haɗa manyan allunan da ke tsaye a kusurwoyin ɗakin, kuma har gobe ba na son shigarsa. Yayata ce ke share shi.

Ba wanda ya sa Baba, amma ba ya kulle ƙofar nan sai ya tsaya bakinta ya tafa hannu, ya saurara har amon ya ƙare. Nan ya samo sunan.

Wata yamma ana shirin rufe ma'aikata don hutun ƙarshen mako, maigadi ya ce masa, "Baba, tafa wa aljanunka mu tafi, ƙafata ta gaji."

Ya tafa. Ya kasa kunne, makulli a hannu.

"Ɗakin nan ya ci wani abu," in ji shi. "Amon ya mutu da wuri."

Maigadi ya ce, "Ba kowa. Ga bokitin mai shara can a waje."

"To wa ke shanye min ƙara? Bango ba ya sa kaya."

Maigadi ya ja baya. Baba ya shiga, yana tafi yana karkata kai, kusurwa bayan kusurwa. Bayan allon ƙarshe ya tarar da Yaya kwance, ɓarin jikinta ya shanye, idonta a buɗe, baki ya ƙi motsi. Ƙofar nan in an rufe ta, ko ihu ba ya fita, kuma sai sabon mako ake buɗewa.

Da harshenta ya dawo a asibiti, abin da ta fara faɗa mini shi ne, "Ƙanena, ina jin makullin yana kaɗawa ta ko'ina, har ta bayana."

Yanzu Baba zai ajiye aiki, kunnensa na hagu ya tafi. Baba, kai ne ka ba ɗakin nan kunnenka ba tare da ko sunanka ya hau takardar gwaji ba, dattijo mai jinkirin alheri. Ban iya daɗin baki ba, na gode kawai. Allah ya tsare maka na daman.

Ku da za ku karɓi makullin, ku koyi tsayuwar nan tasa a bakin ƙofa, ko maigadi zai yi ƙorafi. Yaya tana gida tana jan ƙafa tana yi wa jikokinta faɗa, ni kuma ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba.