Takin Gwaggo Asibi a Kududdufi

Duk wanda ya zauna a Kiru a shekarun da gyaɗa take tashe, lokacin da samari suka fara gudu Kano ɗaukar buhu, ya san Gwaggo Asibi. In bai san fuskarta ba, to ya san muryarta. 'Yar siririya ce, baƙa, mai saurin tafiya. Mijinta ya rasu ba ɗa ba jika, ta dawo gidan wanta. Wan ma bai daɗe ba ya bi bayan mijin, ya bar mata ɗansa Gwadabe, da wata 'yar gayauna a bayan gari wadda ko ciyawa sai ta ga dama take fitowa.

Matan unguwa suna ce mata marowaciya. Ƙarya suke yi, kuma sun sani. Asibi ba ta taɓa hana mai yunwa tuwo ba. Zubarwa ce ba ta yi. Ƙwarya ta fashe, gyartai ya ɗinke, in ta sake fashewa ta koma sakainar kwashe shara. Tukunya ta tsage, gindinta ya zama kaskon ruwan kaji. Dusa da ƙasari na awaki ne. Zane ya mutu ya zama gammo, gammon ya gaji a toshe ramin ɓera da shi. Tokar kara sai ta tace ruwanta na miya tukuna. Abin da ya rage bayan duk wannan, toka da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da kashin awaki da sharar tsakar gida, shi take tarawa a juji bayan ɗakinta. In bazara ta yi, a ɗora wa jaki mangala a kai gayauna, a zuba tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Shekara tara tana haka, har gonar da ake yi wa dariya ta zama ita ke riƙe gidan. In damina ta yi nisa, rumbun gandu ya ƙare, rumbun Asibi ake buɗewa.

Gwadabe ya yi rani biyu a Kano, ya dawo da hula a karkace, da jar langa ɗaya ga matarsa Maijidda, da kalma ɗaya a baki: ƙauyanci. Shan fura a ƙwarya ƙauyanci. Akuya a tsakar gida ƙauyanci. Asibi tana jinsa, ta bar shi, tunda bakinsa ne.

Ana nan mai shela ya zaga gari, wai duba-gari zai zo ran Laraba, kowa ya gyara gidansa. Ran Lahadi Asibi ta tafi Dangora suna, za ta kwana biyu. Tana ba da baya Gwadabe ya ari jakuna uku ya kwashe jujin. Da ya kai gona ma, ai da an sa masa albarka. A'a, gona ta yi masa nisa. Kududdufin bayan unguwa, inda ake haƙar ƙasar gini, can ya juye tarin shekara guda. Ya dawo ya share wurin tas, har da yayyafa ruwa.

Ran Talata Asibi ta dawo da ƙullin kayan suna a ka. Ta zaga bayan ɗaki ta tarar da fili fetal. Ta daɗe a tsaye, ko ƙullin ba ta sauke ba.

"Maijidda! Ina jujina?"

Maijidda ta sunkuyar da kai. "Gwaggo, wallahi na ce masa ya jira ki."

Sai ga Gwadabe ya fito yana murmushi, jiran godiya yake. "Sannu da hanya, Gwaggo. Kin ga yadda wuri ya yi kyau? A birni ba a kwana da ƙazanta a gida."

"Ƙazanta? Zo nan, ɗan birni. Tuwon da kake cinye malmala uku kullum, daga ina ya fito?"

"Daga rumbu mana."

"Rumbun daga sama ya faɗo? Ubanka, Allah Ya jiƙansa, da hannunsa yake damƙar takin nan ya shinshina, ya ce Asibi, bana ya nuna. Kai ka je ka ɗauki buhun wani rani biyu, wuyanka ya yi kanta, ka dawo kana koya mini tsabta! Wannan ƙaton kan naka, da ƙazantar nan na gina shi."

"Gwaggo, duba-gari fa..."

"Duba-gari ne zai ba ka hatsi in damina ta raba tsakiya? To jira shi."

Ran Laraba duba-gari ya zo da gajeren wandonsa. Ya leƙa randa, ya leƙa salga, ya ce a samo mata murfi. Da zai fita ya hangi bayan ɗakin a share, ya ce, "Ah, ku har kun kai taki gona? Madalla. Mu namu yana nan, mun rasa jaki." Ɗan manomi ne shi ma, daga Bebeji. Asibi juyowa kawai ta yi ta kalli Gwadabe, shi kuwa ya dinga gyara hula kamar ita ta yi laifin.

Washegari da sassafe ta ajiye masa magirbi da mangala a ƙofar ɗaki. "Yadda ka zuba, haka za ka kwaso."

Ya shiga ramin, tana zaune a baki da sanda, masu wucewa suna tsayawa. Wani abokinsa ya ce, "Ɗan birni, me ya faɗa maka a ciki?" Asibi ta ce, "Hankalinsa. Ka sauka ka taya shi nema." Aikin ba ya sauri, don takin ya cakuɗe da jar ƙasa da tsingaro, sai an tsince. Kullum gabas ƙara baƙi take yi, Asibi tana kallonta tana cizon leɓe. Kwana uku suna yi. A na huɗu da la'asar iska ta taso, ruwan fari ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Kafin a kira magariba kududdufi ya cika. Rabin takin yana ƙarƙashin ruwa, kwaɗi suna murna a kai.

Maƙwabta suka ce ta baza ragowar takin sama-sama ya game gonar. Ta ƙi. Ta ja layi da ƙafarta a tsakiyar gayauna, ta zuba wa gabas yadda ta saba, ta bar yamma haka nan. Iri ɗaya aka shuka, rana ɗaya, noma ɗaya.

Da kaka ta yi, ta tasa Gwadabe a gaba har gona, ta tsayar da shi a kan layin. Gabas dawa ta fi mai doki tsawo, zangarniya ta sunkuyo don nauyi. Yamma kara iya ƙugu, siriri, ciyawar wuta-wuta ta yi jajir a gindinsa.

"Ka ga wannan? Ƙazanta ce, tawa ce. Wancan kuma tsabta, taka ce. Yanke abinka ka ɗaure."

Dami huɗu ya samu, ita goma sha ɗaya. Ta sa aka zuba nasa daban, ta ce da shi Maijidda za ta yi masa tuwo har ya ƙare. Maijidda kuwa a ɗakin Gwaggo take ci, don ita ba ta ari jaki ba. Hatsinsa bai kai tsakiyar rani ba. Ranar da ya ƙare ya zo ya durƙusa a ƙofarta, hula a daidai. Sai da ta gama kaɗa miya ta ɗago.

"Ina jar langar nan?"

"Fentinta ya ɓare, Gwaggo, gindin ya huje. Na jefar."

"Je ka ɗauko."

Ya ɗauko. Ta toshe hudar da tsumma, ta cika ta da tokar murhu, ta miƙa masa. Ya kai bayan ɗaki ya zuba a sabon juji, ya dawo ya wanke hannu. Sannan ta tura masa akushi.